Amsa Biyu a Lambu Ɗaya

To, tunda an idar da la'asar kuma ba inda kowa zai je, ku gyara zama in ba ku wani labari. Ba na aljanu ba ne, ba kuma na mayaƙa ba. Na lissafi ne. Na ga wasunku sun fara laluben takalma. Ku zauna, ba jarrabawa zan yi muku ba. Alƙalanci nake nema a wurinku idan na kai ƙarshe, domin wanda abin ya faɗa wa yana ta juya shi bai ga bakin zaren ba.

A wani gari da ake kira Rafin Ɗinya akwai makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo, irin wadda rabin tagoginta kwali ne, awakin unguwa kuma sun fi wasu ɗaliban zuwa a kan lokaci. Malamin lissafinta shi ne Malam Haladu, wani dogon dattijo marar jiki, wanda kullum za ka ga farin alli a gemunsa ka kasa bambance shi da furfura. Ya daɗe a makarantar har ya koyar da 'ya'yan waɗanda ya koyar. Mutum ne mai wadatar zuci. Kekensa na tafiya, gonarsa na ba shi dawar shekara, tsofaffin ɗalibansa kuma ba sa bari ya fita kasuwa hannu rabbana. Abu guda ne ya tsaya masa a rai. Ga ritaya ta ƙarato, amma bai taɓa ganin ɗalibinsa ko ɗaya ya wuce jami'a ya karanci abin da aka gina a kan lissafi ba. Ba don babu masu kai ba. Akwai su, sai dai in sun gama halin gida ya tsayar da su, wannan ta kama ɗinki, wancan ya kama shago. Yakan yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya, amma abin yana yi masa ciwo.

A duk darussansa ba wanda yake ƙauna kamar wanda ake kira kwadiratik. Ga waɗanda ba su taɓa gamuwa da shi ba, abin ba wani tashin hankali ba ne. Lamba ce ake ɓoyewa a laƙaba mata suna eks, a ninka ta da kanta, a cuɗa ta da wasu lambobin, sannan a ce ka nemo ta. Malam Haladu yakan ce ƙofofin shiga gidan huɗu ne. Akwai tsagawa gida biyu, wato ka nemo lambobi biyu da in ka ninka su za su ba ka lambar ƙarshe, in ka tara su kuma su ba ka ta tsakiya. Ita ce mai sauri, sai dai ba kullum take ɓullewa ba. Akwai cika murabba'i, hanyar masu haƙuri. Akwai fomula, wadda kowa ke haddacewa ya manta daga inda ta fito. Sai kuma zanen giraf, inda layi ke lanƙwasawa kamar ƙwarya, ka duba wuraren da ya taɓa layin ƙasa. In ya zo nan sai ya cilla guntun alli daga wannan kusurwar aji zuwa waccan, ya ce yara su dubi hanyar da ya bi a sama, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Yara su yi dariya, mai shara kuma ya tsince allin.

Shi wannan lissafi yana da wani hali. Ba kasafai yake ba da amsa ɗaya ba, biyu yake bayarwa, ɗaya ta hanyar tarawa, ɗaya ta hanyar ɗebewa. A yawancin tambayoyin littafinsu ta ɗebewar takan faɗa ƙasa da sifili, kuma ba wanda ya taɓa ganin gona mai faɗin ƙasa da sifili, ko yaro mai shekaru ƙasa da sifili. Don ya sauƙaƙa wa yara sai Malam ya ƙirƙiro musu 'yar waƙa: "Ta tarawa ɗauke ta, ta ɗebewa yar da ta." Aji kan ɗauka gaba ɗaya ana buga benci. Gwano ba ya jin warin jikinsa; waƙar ta ceci yara da yawa a jarrabawa, don haka bai taɓa zama ya tambayi kansa ko akwai ranar da za ta ci amanarsu ba.

A shekararsa ta ƙarshe Allah ya haɗa shi da wasu 'yan mata uku a ajin ƙarshe. Ƙawaye ne tun firamare, benci ɗaya suke zama, awara ɗaya suke saye su raba. Sunayensu Barira da Hansatu da Laure.

Barira ita ce mai bakin cikinsu, kuma kanta na ja kamar me. Tambayar nan da ake rubutawa da zance, irin ta "wani manomi yana da kaza da kaza," wadda ke sa 'yan aji su yi tsuru-tsuru, ita kafin a gama karantawa ta gano abin da aka ɓoye, ta sa masa eks, ta jera lissafin a layi guda. Amma daga nan ƙarfinta ya ƙare. Ba ta da haƙurin bin layi bayan layi. Bakwai sau takwas sai ta ce maka hamsin da huɗu, kuma ta tsaya yin musu a kai. Burinta ta karanci zanen gine-gine, har ta cika bayan littattafanta da gidajen sama waɗanda Rafin Ɗinya bai taɓa mafarkinsu ba.

Hansatu kuwa sai ta yini ba ka ji muryarta ba. Amma in an jera mata lissafi an miƙa mata alli, to an gama. Niƙa shi take yi a hankali har sai ya yi laushi, ba ta tsallake layi, ba ta goge abin da ta rubuta. Ta haddace ninkin kowace lamba da kanta har zuwa talatin, kalkuleta ma kallon raini take yi masa. Aibinta ɗaya ne, ba ta sauraron labarin da ke cikin tambaya. In ka ce mata, "Eks ɗin nan da kika samo, kaza ce ko rijiya?" sai ta ce ita dai ta samo shi. Tana so ta karanci lissafi zalla, ta dawo ta karɓi alli daga hannun Malam.

Laure ita ce mai nawa. Kullum ita ce ta ƙarshe wajen miƙa takarda, sau da yawa ma ba ta gama ba. Ba daƙiƙanci ba ne. Ita dai ba ta yarda da lamba sai ta zana abin da ake magana a kai, kuma in ta sami amsa sai ta mayar da ita cikin tambayar ta ga ko za ta zauna. Kafin ta gama da tambaya biyu wasu sun yi biyar. Wata rana ana tsakiyar rera waƙar nan ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in ta ɗebewar ba ta yi laifin komai ba fa?" Aji ya fashe da dariya, Malam ma ya murmusa ya ce za a dawo kan wannan, ba a kuwa dawo ba. Burinta ta zama injiniyar ruwa, saboda rafin garinsu da ke cinye gefen gonaki duk damina.

Ku riƙe wannan da kyau, don kada wani ya kawo mini shi daga baya. A cikin su ukun ba wadda gidansu zai iya ɗaukar nauyin jami'a, ba kuma wadda ta fi wata rashi. Halinsu na kirki ɗaya ne, iyayensu duka suna son su yi karatun.

Ana nan sai labari ya zo cewa wata ƙungiya ta tsofaffin injiniyoyi a babban birnin jihar ta shirya gasar lissafi. Kowace makaranta za ta kawo ɗalibai uku su yi aiki tare. Makarantar da ta yi nasara, ƙungiyar za ta ɗauki nauyin karatun ɗalibinta har ya gama jami'a. Ɗalibi ɗaya tak, kuma malamin da ya kawo su shi zai faɗi sunan. Malam Haladu ya ga ƙayar da ke cikin zancen tun a lokacin, uku su yi aiki ɗaya ya ci. Amma bai bari ta dame shi ba, don a ganinsa zuwansu ma karambanin akuya ne, gai da kura. Ya ce a ransa su je dai yara su ga birni, su sha lemo mai sanyi, su dawo da labari.

Duk da haka ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan an tashi makaranta sai su zauna gindin darbejiyar bakin ofis da wani tsohon allo, yana jefa musu tambayoyi suna kamawa. Ba shi ya raba musu aiki ba, su suka raba da kansu. Barira ta kafa, Hansatu ta warware, Laure kuma ta tsaya gefe tana zane-zanenta. Wani lokacin har Malam kan yi tunanin ko ya musanya Laure da wani yaro mai sauri, sai sauran biyun suka ce in ba ita su ma ba za su ba.

Ranar tafiya suka hau motar kasuwa, ƙafafunsu a kan buhunan albasa, suka isa birni suna warin albasar. Aka shiga gasa. Makarantar farko da suka haɗu da ita suka kayar da ita, Malam ya ce sa'a ce. Suka kayar da ta biyu, ya ce ikon Allah. Da suka kayar da ta uku sai ya cire hularsa ya share zufa ya mayar. Kafin ya farga ga su a zagayen ƙarshe, sun fuskanci wata makarantar kuɗi ta cikin birni. Yaran can uku ne samari, riguna sun sha guga, takalma na ƙyalli, malaminsu ma da 'yar jakarsa ta fata. Kada in zalunce su, yaran sun iya. Fomula a bakinsu kamar ruwa take zuba.

Aka yi ta gwabzawa har tambayoyi suka ƙare maki ya zo daidai. Sai aka ce saura tambaya ɗaya ta raba gardama. Aka kafa alluna biyu baya da baya, kowane ɓangare da nasa, yadda wani ba zai ga na wani ba. Ba kalkuleta. Amsa ɗaya ake so, sau ɗaya za a faɗe ta, kuma kafin a kaɗa ƙararrawa. Malamai an yarda su zauna su kalli allon yaransu, amma wanda ya yi ko da gyaran murya an kori makarantarsa. Alƙaliyar gasar wata dattijuwar injiniya ce mai tabarau. Ta miƙe ta karanta a hankali:

"Wani mutum yana da lambu, tsawonsa mita sittin, faɗinsa mita arba'in. Yana so ya ware gefe-gefe ta ciki, ta dukkan ɓangarori huɗu da faɗi iri ɗaya, ya dasa zogale. Tsakiyar da ta rage ta albasa ce, kuma yana so ta zama rabin lambun daidai. Mita nawa ne faɗin filin zogalen? A ba ni cikakkiyar mita mafi kusa."

Dattijuwar ba ta kai ga zama ba Barira ta fizgi alli. Ta ce faɗin zogalen shi ne eks. Sai ta yi abin da Malam ke addu'ar ta yi. Ta lura cewa zogalen ba ta gefe ɗaya zai ci lambun ba, zai ci ta gabas ya ci ta yamma, ya ci ta kudu ya ci ta arewa. Don haka daga sittin eks biyu za a ɗebe, ba ɗaya ba, daga arba'in ma haka. Lambun duka sittin sau arba'in ne, dubu biyu da ɗari huɗu, rabinsa dubu ɗaya da ɗari biyu. Ta rubuta cewa ragowar tsawo sau ragowar faɗi daidai yake da dubu ɗaya da ɗari biyu, ta danƙa wa Hansatu allin. Malam Haladu ya sauke numfashi, domin ya san a nan ne ramin yake, kuma a nan yawancin masu ilimi ke afkawa.

Hansatu ta karɓa. Ta buɗe lissafin, ta tattara 'yan uwa wuri guda, ta raba komai da huɗu don ya yi sauƙi. Abin da ya rage shi ne eks sau eks, a ɗebe eks hamsin, a ƙara ɗari uku, daidai da sifili. Ta fara gwada gajeriyar hanya, tana neman lambobi biyu da ninkinsu ɗari uku ne, jimlarsu hamsin. Goma da talatin, arba'in suka ba ta. Sha biyar da ashirin, talatin da biyar. Sha biyu da ashirin da biyar, shida da hamsin, duk ba su yi ba. Ƙofar a rufe take, kuma da wani ne da ya tsaya yana ta bugu har lokaci ya ƙare. Ita ba ta ɓata lokaci ba, ta juya ga cika murabba'i. Rabin hamsin ashirin da biyar ne. Ta ninka shi da kansa, ɗari shida da ashirin da biyar. Ta ɗebe ɗari uku, saura ɗari uku da ashirin da biyar. Yanzu wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, ga shi ba kalkuleta? Nan haddarta ta yi rana. Sha takwas sau sha takwas ɗari uku da ashirin da huɗu ne, saura ƙiris. Ke nan amsa ashirin da biyar ce a tara sha takwas, ko ashirin da biyar a ɗebe sha takwas. Arba'in da uku, ko bakwai.

Mai ƙararrawa ya ɗaga hannu alamar lokaci ya kusa. Malam Haladu na kallo ya ga leɓɓan Hansatu suna motsi, kuma ya gane abin da suke faɗa, domin shi ya koya musu. Ta ja layi ta soke bakwai, ta zagaye arba'in da uku. Barira, wadda ita ce mai faɗin amsa, idonta na kan mai ƙararrawa, ta leƙa ta ga lambar da aka zagaye ta juya za ta nufi alƙaliya. Ga gurbin karatun da Malam ya yi shekaru yana roƙon Allah ya zo har bakin ƙofa, ga waƙarsa za ta kore shi, kuma ba halin ya yi ko tari. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe shi, ya sunkuyar da kai.

Laure duk wannan lokacin tana can kusurwar allo, ta zana lambun da ɗan ƙaramin lambu a cikinsa. Ko lamba ɗaya ba ta rubuta a cikin aikin ba. Sai ta miƙa hannu ta kama wuyan hannun Barira.

Ta ce, "Tsaya, Barira. Lambun nan nawa ne faɗinsa?"

"Arba'in. Sake ni, ke ba ki ga lokaci ba?"

"To arba'in da uku ta nan, arba'in da uku ta can, a ina zai shuka albasar? A gonar maƙwabci?"

Hansatu ta ce a hankali, "Amma ai ta tarawa ake ɗauka."

Laure ta ce, "Ba yau ba. In bakwai ce, tsawo ya koma arba'in da shida, faɗi ashirin da shida. Ninka mini."

Hansatu ba ta taɓa alli ba ta ce, "Dubu ɗaya da ɗari da casa'in da shida."

Huɗu kacal ya rage a cika dubu ɗaya da ɗari biyu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Barira ta dubi zanen, ta dubi ƙawayenta, ta juya ta ce da ƙarfi, "Mita bakwai." Tana rufe baki aka kaɗa ƙararrawa.

Yaran birni sun riga sun faɗi tasu, sha huɗu. Da aka juyo allonsu sai aka ga fomula tsaf ba kuskure ko ɗaya, amma tun a layin farko eks ɗaya suka ɗebe daga kowane gefe, suka warware lissafin wani lambu daban. Dattijuwar ta cire tabarau ta ce amsa bakwai ce. Ta ƙara da cewa da gangan ta zaɓi tambayar da amsoshinta biyu duk suna sama da sifili, don ta ga wanda zai tuna cewa maganar lambu ake yi. Zaure ya ɗauki tafi. Malam Haladu bai iya tafin ba, hawaye ne kawai ke bin gemunsa, yana ta maimaita alhamdu lillahi.

A mota kan hanyar dawowa ya ce musu daga yau an binne waƙar nan, kuma laifin nasa ne ba na Hansatu ba. Ya nuna musu cewa arba'in da ukun ma ba ƙarya ta yi ba. In ka sa ta a lissafin, tsawo da faɗi duk za su faɗa ƙasa da sifili, kuma irin waɗannan biyu in aka ninka su sama suke dawowa, su ba da adadin da ake nema. Amsa ce ta gaskiya a kan allo, sai dai babu lambun da zai ɗauke ta. 'Yan matan suka saurara kaɗan, sannan suka koma kwaikwayon yadda malamin birni ya rungume jakarsa da ya ji sakamako.

Rafin Ɗinya ya yi murna ba kaɗan ba. Aka tarye su a tasha, mata suka yi guɗa, mai shayin bakin kasuwa ya ce ranar kowa ya sha kyauta. Gidajen ukun suka haɗu suka yi dambu aka kai wa Malam. Ya ci ya ƙoshi, ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Sai da gari ya waye ya tuna cewa ana jiran suna ɗaya daga bakinsa kafin a tafi hutu.

Na san abin da wasunku za su ce, don haka bari in toshe hanyar tun yanzu. Ya roƙi ƙungiyar a raba abin uku, suka ce karatun jami'a ba nama ba ne da za a kasa, in an raba ba wadda zai kai ko'ina. Ya yi tunanin sake yi musu jarrabawa, sai ya ga duk irin tambayar da ya zaɓa ya riga ya zaɓi wadda za ta ci. An ba shi shawarar ƙuri'a, ya ƙi. Ya ce ya yi rayuwarsa yana hana yara rubuta amsa ba tare da nuna hanya ba, ba zai rufe aikinsa da canki-canki ba.

Ya nemi shawara, sai shawarar ta ƙara ɗaure masa kai. Shugaban makaranta ya ce Hansatu, domin ita ta ɗauki nauyin da ya fi kowanne, kuma ita ce za ta dawo ta amfani makarantar. Uwargidan Malam, Inna Uwani, ta ce ita ba ta san eks ba, amma ta san wanda ya riƙe ka a bakin rijiya ya fi wanda ya nuna maka hanya, don haka Laure. Limamin unguwarsu, wanda ya taɓa yin aikin gini a ƙuruciyarsa, ya ce ku dubi yaran birni mana, gini ya yi kyau amma harsashi a karkace, me ya amfana musu? Shi Barira ya gani. Malam duk wanda ya saurara sai ya ji ya gamsu, har sai ya haɗu da na gaba.

Daga ƙarshe ya kira su ukun gindin darbejiya ya tambaye su. Barira ta ce, "Malam, ƙarya ba kyau, ina so. Amma da ni kaɗai ce da a layi na biyu zan ɓace." Hansatu ta ce a cire ta kawai, tunda ita ta soke amsar gaskiya da hannunta. Malam ya ce wannan ba hujja ba ce, abin da aka koya mata ta bi, kuma bakwai ɗin da aka ci da ita wa ya haƙo ta in ba ita ba? Laure ta ce ita ma tana so ƙwarai, sai dai da an bar ta ita kaɗai da ƙararrawa ta same ta tana zanen zogale. Suka yi dariya, suka ce duk wadda Malam ya zaɓa sauran za su raka ta tasha. Da gaske suke, kuma wannan ne ya fi komai nauyi a zuciyarsa. Yana son su duka kamar 'ya'yan cikinsa, ya kuma san biyu daga ciki watakila karatunsu ya tsaya ke nan.

To, ga shi nan na shimfiɗa muku. Ba don Barira ba, da lissafin wani lambu aka warware, kamar yadda ya faru da yaran birni. Ba don Hansatu ba, da lissafi ya tsaya a kafe ba amsa ko ɗaya, ta daidai ko ta kuskure, har a kaɗa ƙararrawa. Ba don Laure ba, da an yi aiki mai kyau tun daga farko har ƙarshe, sannan a buɗe baki a faɗi abin da ba zai yiwu ba. Ɗaya ta fahimci tambaya, ɗaya ta haƙo amsa, ɗaya ta gane wacce ce amsar a cikin biyu. Gurbi kuwa ɗaya ne, Malam Haladu na zaune da hula a gwiwa ana jiransa.

To, jama'a, in ku ne a wurinsa, sunan wa za ku faɗa? Tsakanin Barira da Hansatu da Laure, wace ce ta fi cancanta ta tafi jami'a?